Dabinon Illa na Cikin Randa

A Zangon Damagaram, idan ka bar filin da ake sauke raƙuma ka ƙirga ƙofa bakwai ta hannun hagu, nan gidan Illa yake. Ɗaki ɗaya, zaure ɗaya, akuya uku. Illa manomin gero ne daga Gaffati. Ya shigo gari shekara tara bayan Nasara sun kama ƙasar, lokacin da aikin dole ya kwashe rabin samarin ƙauyensu, har da shi, zuwa jidar duwatsun bariki. Da aka sake shi bai koma ba, ya zauna yana sauke wa ayari kaya. A rana mai kyau yakan sauke kantun gishiri sittin kafin azahar.

A wurin saukar kayan ya ga Hajjo, bazawara daga Kawar, ƙasar gishiri da dabino. Ta biyo yayanta Kyari, mai raƙuma goma sha huɗu. Kyari ya yarda da auren, amma da sharaɗi, kuma a gaban shaidu ya faɗe shi.

"Duk shekara in na zo zan tambaye ta. Ranar da ta ce gida, ranar raƙumi zai durƙusa a ƙofarka. Ka ji ko, manomi?"

"Na ji, Ya Kyari."

Shekara ta farko Hajjo ba ta ce gida ba, amma ba ta ce ta zauna ba. Ta rame. Illa ya sayo turare, ya sayo zane, ba abin da ya sauya. Wata rana tana tankaɗe ya zauna kusa da ita.

"Wai mene ne babu a garin nan?"

"Malam, garinku duwatsu ne," in ji ta. "Iska ta kaɗa, ba abin da ke amsa mata. A gidanmu ko idonka a rufe kana jin dabino yana magana."

Illa ba mutumin dogon tunani ba ne. Da ayari zai juya ya kama akalar raƙumin Kyari ya roƙe shi ɗan dabino, irin wanda ke tsirowa a gindin uwa. Kyari ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, amma shekara na zagayowa ya kawo shi, kwana talatin da uku a hanya, an naɗe gindin da tsumma mai danshi cikin tsohuwar salka. Tsawonsa kamu ɗaya, ganye huɗu, biyu sun bushe.

Ina za a dasa? Tsakar gidan ba ta haƙuwa, ka haƙa taƙi ɗaya ka tarar da dutse, ga kuma awaki. Sai Hajjo ta nuna wata randa da gindinta ya tsage, ta ce tsagar ma ita ake so, don ruwa kada ya kwanta. Rairayi ƙwarya uku, tsohon kashin awaki ƙwarya ɗaya, haka ta gwada masa har randar ta cika. Suka ajiye ta a zaure, kusa da ƙofar gabas, inda rana ke leƙowa daga hantsi zuwa walaha sannan ta wuce. Ruwa kuwa a Damagaram ba abin wasa ba ne. Taku ɗari tara ne daga zauren zuwa rijiya, Illa ya ƙirga. Ludayi shida duk kwana biyu da bazara, duk kwana biyar da sanyi. Ran Juma'a Hajjo takan goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, ta juya randar kwata ɗaya don kada ya sunkuya wajen haske.

Wata bakwai bai motsa ba. A na takwas sabon ganye ya ɓullo daga tsakiya kamar tsinin mashi. Maƙwabta suka riƙa tsokana.

"Illa, yaushe za mu sha ruwa da dabinonka?"

"Ku dai riƙe azumin, yana tafe."

A shekara ta huɗu 'ya'ya biyar suka kewaye gindin, randar ta cika taf da kore. In iska ta ratsa zauren sai ka ji wani sassanyan kas-kas. Hajjo ta mai da tabarmarta can, ta yi ƙiba, har waƙar garinsu take yi.

To, a nan manomi ya tashi a jikin Illa. Hajjo ta tafi cikin Birni zaman makoki na kwana uku. Shi kuma ya tsaya yana duban randar da idon mutumin Gaffati, wanda tun yana ƙarami aka koya masa cewa gero in ya cunkushe a rami ɗaya ba ya zangarniya, sai an rage. Shida a randa ɗaya! Ai shi ya sa ba ya tsawo. Ya wasa wuƙa, ya yanke huɗu, ya bar uwar da ɗa guda, ya watsa sauran bayan ɗaki. Har shara ya yi, yana jiran yabo.

Hajjo ta dawo, ta tsaya a bakin zaure da ƙunshinta a ka.

"Wa ya shigo?"

"Ba kowa. Ni na rage miki shi, yanzu za ki ga girma."

"Ka rage." Ta sauke ƙunshin a hankali. "Malam, gero ne? A Kawar uwa da 'ya'yanta ake bari, su yi kurmi, su yi wa juna inuwa. Su ne masu maganar."

Iska ta ratso. Zauren shiru. Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Saura kwana goma sha tara ayari ya iso. Illa ya ruga bayan ɗaki: awaki sun cinye biyu, ɗaya ya bushe ƙayau, ɗaya ne ya faɗa ƙarƙashin turmi, da 'yan jijiyoyi uku a gindinsa. Ya mai da shi jikin uwar, ya tara masa rairayi, ya shafa toka a wuraren yankan, ya kifa masa kwando. Da safe kafin ya fita ludayi ɗaya, da la'asar ludayi ɗaya. Hajjo tana gani ta labule. Ran kwana na goma sha biyu ya ga ta wanke zannuwanta duka ta ninke. Ranar kantu ashirin kawai ya iya saukewa.

Kyari ya iso, ya ci tuwo a zauren, ya dubi randar ya dubi Illa.

"Wane wanzami ne ya yi wa dabinona aski?"

Illa ya sunkuyar da kai. Kyari ya ɗaga murya yadda ya saba duk shekara.

"Hajjo! Gida ko nan?"

Ta fito. Ba ta dubi kowa ba, ta durƙusa ta ɗaga kwandon, ta kama ganyen tsakiya na ɗan dabinon ta ja shi kaɗan. Bai zare ba. Da ya ruɓe, da ya biyo hannunta.

"Ya kama," in ji ta. Ta miƙe tana kakkaɓe hannu. "Ya Kyari, in na bi ka, wa zan bar wa wannan? Manomin nan da wuƙarsa? Kafin ka kai Kawar ya girbe shi ya ɗaure dami."

Kyari ya yi ta dariya har da tari. Washegari Hajjo ta karɓe wuƙar ta ɓoye, tabarma ta koma zaure.

Dabinon bai taɓa yin ɗiyar ci ko ɗaya ba, bai kuma wuce kafaɗar Illa ba. Randa uku ya fasa. Shekarar da gwamnan Nasara ya tattara daga Damagaram ya koma Yamai, raƙuman Kyari sun ragu zuwa biyar, shi ma daga baya ƙafa ta hana shi zuwa, tambayar ta tsaya. Lokacin dabinon kai goma sha ɗaya ne a randar. Tsofaffin Zango da suka san zauren sun ce duk wanda ya shiga gaisuwa, sai Illa ya sa shi ya ƙirga da kansa, hannu a baya, Hajjo tana daga tabarma tana lura.