Goma da Rabi, da Kunyar Ɗan Fari

Da goma da rabi cikin ashirin na gama jami'a, fannin ilimin halittu. Ban yi ciwo ba, babu malamin da ya zalunce ni. Karatun ne ban yi ba, sai yawo da kallon fim a ɗakin ƙawaye. Da irin wannan maki ba a ko leƙa ƙofar karatun likita, alhali shi nake so tun ina ƙarama. Na kwaso kayana na komo ƙauyenmu, kusa da Dumega.

Da zama ya ishe ni, na roƙi majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗan asibitinmu, ya bar ni in taimaka kyauta. Dattijo ne Kirista daga Dogon Dutsi, marar yawan magana. Ya ba ni teburi a baranda: in rubuta suna, in auna yara, in tambayi abin da ke damunsu, in jera mutane, mai tsananin ciwo a gaba.

Wata safiya da damina wata tsohuwa ta zo goye da jikanta. Uwar yaron, matashiya, ta tsaya can jikin ginshiƙi tana kallon hanya. Tsohuwar ta ce jiki ne ya yi zafi tun jiya. Na tambayi uwar, ta ce ita ba ta sani ba.

"Ke wace irin uwa ce?" na ce mata. "Ɗanki na ciwo kina kallon hanya!"

Ta sunkuyar da kai. Na rubuta zazzaɓin kwana ɗaya, na tura su ƙarshen layi.

Majo ya fito wanke hannu, ya dubi yaron, ya dubi uwar. Ya tambayi tsohuwar ko na fari ne, ta ce e. Ya sa ta kwance goyon, ya karɓe shi.

"Inna, ki tahi da katin ga wurin mai magani can baya, ki jira ni."

Tsohuwar na shan kwana, uwar ta fizge ɗanta ta rungume. Ta ce kwana huɗu ne, ba ɗaya ba. Sau biyu ya shiɗe. Tun asuba ya ƙi nono. Har yawan aman da ya yi ta lissafa. Majo ya yi masa allura, aka ɗora su kan babur zuwa Dogon Dutsi. Yaron ya rayu.

Majo bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ke ma ba ta fari ba ce gidanku?"

Kunya ta kama ni. Ni ce ta fari. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" take cewa, kuma gaban mutane ba ta dubana. Kaka ce ta raine ni. Cikin wannan al'ada na girma, amma daga an ba ni teburi da biro na manta.

Shekara biyu na yi a barandar nan. Sai na ji labarin wani kwas na shekara guda a Yamai, da ke shirya masu digiri su shiga karatun likita. Akwai iyakar shekaru, kuma wannan shekarar ce tawa ta ƙarshe. Na haɗa takarduna da wasiƙar majo, layi huɗu kacal.

Likitoci uku ne suka yi mini tambayoyi. Ta tsakiyar, mace mai furfura, ta ɗaga takardar makina.

"Goma da rabi."

"E, madam. Ban yi karatu ba lokacin."

Tambayar kimiyya rabi na amsa. Ta rufe takardun, ta ce me na koya a baranda wanda babu a littafi. Na ba su labarin yaron nan, har da zagin da na yi wa uwarsa.

"To yanzu ya kike yi?" in ji ta.

"Kakar yaron nake fara aikawa wani wuri, madam."

Da jerin sunaye ya fito, ni ce ta biyun ƙarshe. Kaka ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida. Uwata tana daka gero, ko kai ba ta ɗaga ba. Ƙanwata ta yi wa magana: "Ki ce ma waccan ta kwashe shanyarta, hadari na tahowa." Na san dalili sarai, amma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Ranar tafiya na aiki ƙanwata neman babur. Na ce wa kaka daddawar da zan tafi da ita ta yi kaɗan, ta tafi maƙwabta ƙaro mini. Gidan ya rage mu biyu.

Ina ɗaure jaka uwata ta shigo ɗakin, ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam. Ta ce ta san ranar da aka yi mini tambayoyi, azumi ta yi. Ta san ba na cin abinci in ina cikin damuwa. Ta san da na dawo daga jami'a wata uku na yi ina kuka a bayan rumbu, abin da na ɗauka babu wanda ya gani.

"Ki ci abinci can," ta ce. "Kuma wannan karon ki yi karatu."

Muka ji takun kaka a zaure. Ta saki hannuna ta koma wurin turminta.