Fijon Illa da Ƙofar Zaure

Illa direba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motocin mutane, amma matarsa Zara ko bakin kasuwa bai taɓa kai ta a mota ba. Biki ko rasuwa a garinsu Tirmini, a bayan motar kaya take tafiya, tsakanin buhuna da awaki. Abin ya daɗe yana cin ransa. Da ya ajiye aiki sai ya sayo gawar wata tsohuwar Fijo, ya ce da hannunsa zai tashe ta, ya kai Zara gida a kujerar gaba.

Wurin ajiya ne babu. Gidansu na gado ne a Zango, lungunsu ko amalanke ba ta shiga. Sai dai bayan gidan kango ne. Illa ya fasa katangar baya, aka turo motar tsakar gida, ya sa magini ya mayar da katangar saboda ɓarayi. Zara ta ba da wurin murhunta da turken awakinta, ta koma girki a ƙofar ɗaki.

Kayan gyara yake ta saye, yau buji, gobe karbirato daga Kano, shekaru suna ta wucewa. Ana nan aka sayar da kangon, masu shi suka fara shirin gini.

"Malam, fitar da ita tun ba su zuba siminti ba," in ji Zara.

"Ba taya, ba moter, in kai ta ina? Bakin titi, a kwashe ta ɗai-ɗai?"

Taurin kai ke nan. Yana kwance ƙarƙashin mota bene ya tashi, ya manne da katangarsa.

Ranar da Fijo ta tashi, unguwa duk ta ji. Ƙofa dai saura ta zaure. Wansa Ɗanƙarami ya dube shi ya ce, "Rushe zauren Baba mana. In ka gama sai ka bi gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya."

Zara ta yafa mayafin unguwa, ta shiga kujerar gaba. Illa ya ja motar har gindin randa, ya komo da baya.

"Mun iso Tirmini ne?" ta ce, tana dariya don ta sanyaya masa rai. Shi kam sai ya kashe motar.

Daminar nan Zara ta rasu. A kafaɗa aka fitar da ita, makarar ta wuce ta ƙofar zaure ko bango ba ta taɓa ba. Illa bai sake tada motar ba. Kaji ne ke ƙwai a kujerar gaba.