Jarrabawar da Ba a Motsa Baki

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙaramin asibitin garinmu ya san muryar Marlys Tveit tun kafin ya san fuskarta. Daga ɗakin ƙarshen baranda take fitowa, inda aka ajiye manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Baƙo sai ya ɗauka faɗa take da wani, alhali daga ita sai inji. Marlys ba ta iya tunani da baki a rufe ba. In abu ya lalace sai ta karanta abin da allon kwamfutar ya rubuta da ƙarfi, ta tambayi kanta, ta ba kanta amsa, wani lokaci har da ɗan zagi, sannan hannunta ya kai ga gyara.

Ba ta taɓa zama a aji don wannan aiki ba. Karɓar marasa lafiya aka ɗauke ta yi, a zamanin da kwamfuta ɗaya ce tal a asibitin, kowa na kewaye ta kamar za ta yi cizo. Ita kuwa karambani ya yi mata yawa. Ta kwance, ta ɓata, ta gyara, har shekara ashirin da uku suka shuɗe, mabuɗin ɗakin nan yana rataye a wuyanta. Tana son ɗakin, da sanyinsa da gurnanin fankokinsa, so na gaske.

Abu ɗaya ne ke ci mata rai. In ta shiga ofishin likita gyara, idonta kan tsaya a kan takardun shaidar da ke jere a bango. Ta daɗe tana marmarin takarda guda mai sunanta, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ƙawarta Arlene, nas. Arlene kan yi dariya ta ce, "Ke da kike koya wa likita inda zai danna? Sha kofinki, don Allah."

Sai hukumar asibitin ta kafa doka: daga farkon Afrilu ba mai taɓa injinan sai mai takardar shaida. Manajan, Duane Hagen, shi ya kai mata labarin, yana ta sosa ƙeya. Marlys ba ta yi fushi ba, har wani daɗi ta ji, ga dalili ya samu. Ta sayi littafi mai kauri ta haddace shi a teburin kicin duk tsawon hunturu. Sai dai tsoro ya sa ta yi ta ɗaga ranar jarrabawar, har satin ƙarshe na Maris. Cibiyar jarrabawar tana birnin Fargo, tafiyar awa uku cikin ƙanƙara, don haka ta zaɓi yi a gida, inda mai sa ido ke kallon mutum ta kyamara.

Ta share tebur, ta kai kyanwarta maƙwabta, ta yi duk abin da aka ce. Abin da ta tsallake a ƙa'idojin shi ne layin da ya hana motsa baki, don kada wani ya laɓe yana ba da amsa.

Tambayar farko ta zo da sauƙi, Marlys ta karanta ta da ƙarfi cikin murna. Gargaɗi ya fito a gefen allo. Ta ba da haƙuri, ta cije leɓe, ta yi tambaya bakwai shiru. Tambaya ta tara mai wuya ce, bakin ya kuɓuce. Gargaɗi na biyu ya fito, ita kuma, baiwar Allah, sai ta karanta shi ma da ƙarfi. Nan take aka rufe jarrabawar. Kafin a ba ta wata rana, Afrilu ta shigo.

Ba a kore ta ba. An mayar da ita teburin karɓar marasa lafiya, aikin injinan kuma aka ba wani kamfani da ke gyara daga nesa. Yanzu in abu ya tsaya, ita ce ke buga musu waya, ta karɓi lamba, ta jira layi.

Ranar wata Talata komai ya tsaya cik, Marlys ta buga wa kamfanin waya. Wanda ya ɗauki wayar ya yi mata ladabi ƙwarai, ya ce kada ta damu, kada kuma ta taɓa komai, yana ganin matsalar daga wajensa. Marlys ta san gyaran ba zai wuce minti biyu ba, amma ba ta faɗa ba. Ta dai ƙanƙame wayar, ba ta son ya gama.

"Ɗana," ta ce a hankali, "me allon ya rubuta?"

"Ba abin da zai dame ki ba ne, Madam."

"Na sani. Karanta min dai in ji."