Cittar da Kwamfuta Ta Zaɓa Mana

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta da shekarar da kwamfuta ta sa baki a gonar cittar Mamanmu a Kagoma.

Ƙanina ne ya jawo mana. Yana karatun aikin gona a Zariya, farkon shekarun casa'in, ya daɗe yana gwaji a ƙananan filaye: nan taki da yawa, can kaɗan, nan shuka a matse, can da tazara. Ya zuba sakamakon a kwamfutar makarantarsu, ta haɗa lissafin yadda citta ke amsa kowane canji. Sai ya ce ta nemo masa yawan taki da tazarar da za su ba da amfani mafi nauyi. Ta ba shi amsa, ya taho gida yana hura hanci.

"Mama, bana sai rufin kwano," in ji shi. Ɗakinta kuwa yoyo yake yi, bokitai take jerawa duk ranar da aka yi ruwa.

Muka bi lissafin sau da ƙafa. Da aka haƙo cittar, sai da na riƙe baki. Kowace kamar tafin hannun ƙato! Mama ta ɗauki mafi girma ta kai coci ranar godiyar kaka, tana rawa har gaban bagadi. Ni da nake yi masa tsiya na koma kiransa Farfesa.

Aka tsaga aka shanya a kan dutse, don busasshiya 'yan kasuwa ke saye. Kullum na leƙa sai in ga shanyar ta ragu. Na zargi maƙwabta, Allah ya yafe mini. Ranar da Alhajin da ke sayen cittarmu ya zo daga Kafanchan, ya damƙa, ya gutsura, ya girgiza kai.

"Mama, ai ruwa kika noma. Ba nauyi, ba yaji."

"Alhaji, duba ta da kyau," ta ce. "Na kai ta coci fa!"

Buhunan ba su ma kai na shekarar baya ba.

Da fushina na bi ƙanina Zariya in ga na'urar da ta cuce mu. Ashe a gwajinsa ya auna ɗanya, ya auna busasshiya, amma nauyin ɗanyar ya ce wa kwamfutar ta bunƙasa. A gabana ya canza zuwa busasshiya, ya danna. Nan take ta fito da wata amsa dabam: takin ma bai kai rabin wanda muka zuba ba.

"Tsaya," na ce. "Dama ta san wannan tun farko?"

"Ta sani, Yaya," ya ce, kansa a sunkuye. "Ba wanda ya tambaye ta."

Damina guda Mama ta ƙara tana jera bokitai. Tun daga nan na gane na'ura ba ta san abin da kake buƙata ba, abin da ka tambaya kawai take amsawa. Yanzu duk wanda ya ce mini kwamfuta ta ce ga mafi kyau, sai in ce: mafi kyau a ɗanye, ko bayan ta bushe?