Duhun Da Ya Yi Wa Tulu Ciki

Ina aji huɗu a firamare, can Unguwar Lalle, malaminmu ya ce kowa ya zano tulu. Da ya zo kan nawa sai ya ɗaga wa 'yan aji, ya tambaya ko faifai ne. Dariyar da aka yi ta raka ni har gida, na rantse ba zan ƙara zane ba.

Bayan magariba mukan taru a bakin murhun Kaka, wadda aka sa mini sunanta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ran nan na zauna nesa.

"Takwara, mi as same ki kin turo baki awa shantu?"

Na miƙa mata takardar. Ta kusantar da ita wuta, ta ce, "Wanga tulu yunwa shika ji. Matso, ga wata tatsuniya nan tahe, ku ba ta wuri."

Wai wata maginiya ce ta tsani duhu. Ta roƙi rana ta haska tulunta ta kowane gefe, rana ta yarda. Da gari ya waye sai ga tulu ya baje kamar faifai, ko ɗigon ruwa ba ya riƙewa. Ƙishirwa ta sa ta bi duhu har gindin tsamiya tana ba shi haƙuri. Duhu ya dawo ya jingina a gefe guda, nan take tulu ya yi ciki.

Kaka ta zaro gawayi, ta nuna mini tulun da ke bakin ɗaki. "Dubi inda wuta take. Can nesa da ita za ki danna hannu." Ta goga gawayin a gefen tulun da na zana, ta murza baƙin da babban yatsa, yana tafiya yana dusashewa, ta bar wani ɗan wuri fari tas. Ta ja inuwa a ƙarƙashi don tulun ya zauna a ƙasa. Sai da na taɓa takardar, don na zaci zan ji sanyin ruwa.

Kaka ta rasu ba ta bar hoto ba. Mahaifiyata ta roƙe ni in zana mata ita, sai ƙauna ta sa na share tamoji, na yi fuskar sumul.

"Kyakkyawa ta," in ji ta, "amma ba uwata ba ta."

Na koma na zurfafa ƙarƙashin idanu, na mai da tsagar Gobir a kumatu, na bar haske ta gefen da murhu yake. Mahaifiyata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Inna, sannu da zuwa."

Yanzu ina koyar da yara zane a garin Isa. Duk wanda na ga yana tsoron baƙin fensir, nakan kama masa yatsa mu murza tare. Na san hannun wa nake arowa.