Muryar Baba Jauro da Jawabin Ciyaman

Ban taɓa mantawa da ranar da Oga Sabi'u ya dube ni a gaban baƙuwa ya ɗora mini laifin ɓarnar da ya yi da hannunsa ba. Ku yaran yanzu masu ɗaukar magana da waya, ku saurara.

Ni Garba, bokona bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Ƙaramin ma'aikaci aka ɗauke ni a laburaren garinmu, shara da jera littattafai. Amma sashen tarihi, wato kabad ɗin da ake ajiye kaset-kaset na hirar dattawa, ni na cika shi. Tun zamanin tsuke bakin aljihu nake taka keke zuwa Getso da Unguwar Tudu da Masanawa, rikoda a ɗaure a baya, in zauna gaban tsoho ya faɗi yadda aka sari garinsu. Ƙa'idar aikin ita ce, in ka gama ɗauka sai ka karya ɗan kunnen da ke gindin kaset, don kada a ɗora wata magana a kai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, taro ya yi yawa a sakatariya. Kullum ciyaman yana jawabi, kullum ana so a ɗauka, kuɗin sabon kaset kuwa babu. Sabi'u, shugaban laburaren, shi ke zuwa da rikodar.

Ana nan sai ga wata ɗalibar jami'a, Malama Hajara, tana bincike kan yadda makiyayan Masanawa suka zauna suka kama noma. Na ɗauko mata hirar marigayi Baba Jauro. Tana jin sunan ta dafe ƙirji. Ashe kakanta ne, kuma tana goye ya rasu, ba ta san muryarsa ba.

Na danna. Tsoho ya gyara murya ya ce, "To ɗana, mu dai asalinmu..." Sai ƙarar lasifika, sai ciyaman yana gode wa manyan baƙi.

Ta dube ni ta ce, "Baba, ko ɗaya gefen?"

Na juya. Nan ma ciyaman ne.

Na zare kaset na duba, an cusa takarda a ramin kunnen don a samu ɗora magana a kai. Na bi sauran, fiye da rabi haka aka yi musu.

Sabi'u ya leƙo daga ofis ko kunya babu, ya ce, "Malama, sai haƙuri. Sakacin Garba ne. Kin san ma'aikatan nan marasa ilimi."

Yarinyar ta roƙi in maimaita mata ɗan guntun nan na farko, ta saurara, ta share ido ta tafi.

Ranar na gane cewa a aikin nan ba gara ce babbar maɓarnaciya ba. Gara ba ta san abin da take ci ba.

Da yamma Sabi'u ya kira ni, ya ce in amsa laifin a rubuce magana ta mutu. Har da ƙarawa, "Ai yawancinsu kiɗe-kiɗe ne da tatsuniya, Garba. Yanzu zamanin Shari'a ne."

Na ce, "Oga, tsaya. Babu ganga ko ɗaya a kaset ɗin nan, tsoho ne yake lissafa rijiyoyi da burtali. Kuma Shari'ar da kake fakewa da ita, ita ce ta hana cin amana, ta hana ƙazafi, kai ka haɗa biyun a yini guda. Ba zan rubuta komai ba. Ragowar kaset ɗin na kulle su, makulli yana aljihuna, mai son jawabi ya sayi nasa. Ƙanwar Baba Jauro tana nan da ranta a Masanawa, gobe da sassafe zan ɗaure rikoda in tafi. In korata za ka yi, ka bari sai na dawo."