Kankanar Malam Labbo

Duk wanda ya buga ƙwallo a Tudun Wada zamaninmu, har gobe in ya ji ƙararrawar keke sai gabansa ya faɗi. Malam Labbo, kocinmu, bai taɓa sa usur a baki ba. Kekensa yake tokarewa a bakin fili ya ɗora yatsa kan ƙararrawa: bugu ɗaya a tsaya, biyu a ruga. Mun taɓa sayo masa usur sabo dal, ya jujjuya shi ya ce, "Wanga na alƙali na. Ni ba shari'a niz zaka yi ba." Ya miƙa wa jikarsa ta yi wasa da shi. Ni aka aika kasuwa cikin rana na sayo shi, har yau abin yana ci mini rai.

Kun san ni ne golansa shekara huɗu, don haka kada wani ya taso yau ya ce ya fi ni shan wuya a hannun tsohon nan. Matsalata ɗaya ce, hannuna kamar katako. Ƙwallo ta zo ta bugi tafina ta koma ƙafar ɗan gaba, shi kuwa ya zura abarsa a raga. Ga shi saura wata biyu masu zaɓen 'yan wasan jiha su zo gwaji, gola ɗaya tak za su ɗauka. Babana kuma ya riga ya yanke magana: in aka bar ni wannan karon, in rataye takalma in zauna shagon walda.

To, mutumin da ke cikin wannan hali, da me kuke zaton Malam ya horar da shi? Da tsohuwar ƙwallon nan da ta sha faci har ta koma kamar duma! Alhali akwai sababbi guda uku da wani mai hali ya ba ƙungiya, ya kulle su a akwati.

Na ce, "Haba Malam, ga sababbi can suna ta barci!"

Ya ce, "Dogo, sabuwa inda kaz zata nan taka zuwa. Mi za ka koya gare ta? Wagga ko ita kanta ba ta san inda za ta ba."

Gaskiya ya faɗa, domin ranar a hanci ta same ni.

Wannan duk wasa ne. Wata Asabar da hantsi ya ce in biyo shi. Yana kan keke, ina gudu a bayansa, har Dundaye. Muka tarar ana lodin kankana a gonar wani abokinsa: mutum ɗaya a ƙasa yana jefawa, ɗaya a bisa mota yana cafewa. Malam ya sauko da mai cafewar, ya nuna mini motar da haɓa.

"Malam, ni fa gola ne, ba ɗan dako ba!"

"Golan da ka tunkuɗe ƙwallo? Hau! Tuɓe wannan sahwar hannu. In kah hwasa guda, kai ka cinye ta nan tsaye."

Na fasa uku. Na ci uku, jama'a, yana tsaye a kaina kamar mai ba da magani! Ba zan gaya muku sau nawa na ratse bayan bishiya a hanyar dawowa ba. Shi kuwa ko a jikinsa, sai cewa yake, "Dambe kaka yi da ita. Ka tarbe ta awa baƙuwa, ka ja hannu baya, ka kai ta ƙirji."

Kullum sai mun je. Labari ya bazu, 'yan ƙungiyar Gidan Dahala suka sa mini suna Mai Kankana. In na shiga raga sai ka ji daga bayan fili, "Gola, a yanko muna mai zaƙi!" Na tsani tsohon nan a lokacin, ba ɓoyewa. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, dabarar ta ci. Kafin mako na huɗu hannuna ya yi laushi, ƙwallo in ta zo sai ta lafe kamar an shafa mata danƙo.

Ranar gwaji, wani baƙon koci mai baƙin tabarau ya sa aka yi ta sheƙo mini ƙwallo. Guda ɗaya ce kawai ta wuce ta ƙarƙashin hammatata. Da aka tashi ya kama hannuwana yana dubawa ya ce, "Wa ya koya maka wannan kamu?"

'Yan Gidan Dahala suna kewaye da mu, bakinsu cike da dariya. Malam Labbo yana tsaye bai fi taku biyar ba. Ni kuwa, ɗan banza, na buɗe baki na ce, "A waya nake kallon manyan gololi."

Aka ɗauke ni. Da na waiga, Malam ya riga ya tura kekensa ya fita. Shekara da shekaru muna gaisawa, bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na je na durƙusa gaban tabarmarsa na ce ya yafe mini. Ya dube ni ya ce, "Da kac ce kankana, da sun kore ka. Wagga na yahe tun ranan." Ya ja numfashi. "Amma wadda tab bi ta hammata, Dogo, ban yahe ba."

Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma na kasa tsayar da su.

Abin da na kasa faɗa a fili ran nan, ga shi ina faɗa gabanku: Malam Labbo ne ya koya mini. Allah Ya jiƙansa, Ya tarbe shi da rahama, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba. Amin.